CINIKIN BIRI A SAMA: DARASI A KAN SAYEN KANTIN WAKILCI WANDA HAYARSA BA TA TABBATA BA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halatta ciniki kuma ya haramta cin dukiyar mutane da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa yana cikin babin ciniki da haya. Abin da ya jawo shi kuwa shi ne, wani bawan Allah daga cikin masu salla tare da mu ya tsaya bayan La'asar ya kawo mini kukansa. Ya yi shekaru yana ci-rani a Abijan, ya tara abin da ya tara, ya dawo gida da niyyar zama kusa da iyalinsa. Sai aka nuna masa wani kanti a bakin babbar hanya, wanda yake ɗauke da allon wani kamfani sananne, mai shi yana son ya sayar. Ya ga jama'a suna shiga suna fita, zuciyarsa ta kwanta. Ya biya tsohon mai kantin, ya biya kamfanin kuɗin shiga, ya sake fenti da kantoci kamar yadda kamfanin ya shardanta. Bai cika wata 8 ba sai ga mai gini ya zo yana neman wurinsa. A ranar ce ya san cewa wanda ya sayar masa bai taɓa yin haya da mai ginin ba, a hannun wani ɗan haya ya karɓi wurin ba da izinin mai gida ba, kuma wa'adin wancan ɗan hayan ya ƙare. Da ya koma ga kamfanin sai aka buɗe masa kwantara aka nuna masa cewa an ba shi izinin aiki da sunan ne a wannan wuri kaɗai. Ya tambaye ni: «Malam, a wurin wa zan nemi haƙƙina?» Tambayar tana da amsa, amma da ya yi ta kafin ya biya da ta fi masa amfani. Domin haka muka ga ya dace mu yi bayani ga sauran jama'a.

1. MENE NE WANNAN CINIKI?

Shi ne abin da ake kira faranshiz. Kamfani mai suna yana ba ɗan kasuwa izinin ya buɗe kanti da sunansa da tambarinsa, ya sayar da kayansa, ya bi tsarinsa wajen gyaran wuri da jeren kaya. Shi kuma ɗan kasuwa yana biyan kuɗin shiga sau ɗaya, sa'annan sau da yawa yana biyan wani kaso na cinikinsa a kowane wata har wa'adin kwantara ya cika. Jari nasa ne, riba tasa ce, hasara ma tasa ce. A garuruwanmu muna ganin irin wannan tsari da makamantansa a gidajen sayar da mai, da shagunan aika kuɗi, da shagunan kamfanonin salula.

Abin lura shi ne, mai wannan ciniki yana ɗaure kansa da igiya biyu waɗanda ba a hannun mutum ɗaya suke ba. Ta farko ita ce kwantarar kamfani, wadda take ba shi suna. Ta biyu ita ce kwantarar haya, wadda take ba shi wuri. Kamfani ba ya lamunce masa wuri, mai gida kuma babu ruwansa da abin da ke tsakaninsa da kamfani. Idan igiyar haya ta tsinke, ta kamfani tana nan a wuyansa.

Manyan kamfanonin duniya sun gane wannan tun da daɗewa. Kamfanin sayar da abinci na McDonald's a Amurka, wanda Ray Kroc ya buɗe shagonsa na farko a ƙarƙashin sunan a 1955, ya kafa wani reshe a 1956 wanda aikinsa shi ne ya sayi filaye ko ya yi hayarsu na dogon lokaci, sa'annan ya ba wakilansa haya. Sun lura cewa wanda ya riƙe wuri shi ya riƙe kasuwa. To, idan masu sunan da kansu ba su yarda su bar maganar wuri a sake ba, ina ga talaka wanda ya zuba guminsa na shekara 10?

2. HUKUNCIN SAYEN SUNA DA KUƊIN SAKIN WURI

Asalin wannan ciniki halal ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a watan Disamba 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari haƙƙi ne na mai shi, yana da ƙima ta dukiya, kuma ya halatta a sayar da shi matuƙar babu garari, babu ha'inci, babu ɓoye aibi.

Haka nan kuɗin da sabon ɗan haya yake ba tsohon ɗan haya domin ya sakar masa wuri, wanda malamai suke kira badalul khuluwwi. Malaman Malikiyya sun daɗe da sanin wannan mas'ala, domin Shehu Nasiruddini Laƙƙani, wanda ya rasu a 958 bayan Hijira, ya yi fatawa a kanta game da shagunan Masar. Ita kuma majalisar da muka ambata, a zamanta na Jidda a watan Fabrairu 1988, ta rarrabe: idan tsohon ɗan haya yana da sauran wa'adi, ya halatta ya karɓi kuɗi a kan barin abin da ya rage masa, tare da kiyaye sharuɗɗan da ke tsakaninsa da mai gida da kuma dokokin ƙasa waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba. Idan kuwa wa'adinsa ya ƙare, to bai halatta ya karɓi kome ba, domin haƙƙinsa a kan amfanin wurin ya yanke. Wannan rarrabewa ita ce tushen darasinmu. Abin da kake saye a hannun tsohon mai kanti shi ne sauran wa'adinsa. Idan ba ka san tsawon wannan wa'adi ba, ba ka san abin da ka saya ba.

3. INDA GARARI YAKE SHIGA

Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya hana cinikin garari, kuma Imamu Malik ya keɓe masa babi a cikin Muwaɗɗa. Garari shi ne ciniki a kan abin da ba a san ƙarshensa ba: ko zai samu ko ba zai samu ba, ko nawa ne, ko har yaushe ne. Shi ne abin da Bahaushe yake kira cinikin biri a sama. Haka nan Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an hana Hakimu ɗan Hizamu (RA) sayar da abin da ba ya hannunsa.

Ba kowane rashin sani ne yake ɓata ciniki ba. Imamul Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya kasa garari gida uku: mai yawa, wanda aka haɗu a kan haramcinsa, kamar sayar da tsuntsu yana tashi; da ɗan kaɗan, wanda aka yafe, kamar harsashin gida da ba a tona an gani ba; da matsakaici, wanda malamai suka yi saɓani a kansa. Rashin sanin ko kasuwa za ta yi kyau baɗi ba ya cikin abin da aka hana, domin arziki na Allah ne, kuma kowane ɗan kasuwa a kan haka yake fita. Amma rashin sanin ko mai sayarwa yana da ikon ba ka wurin, da rashin sanin ko za ka kai wata 6 a ciki, wannan jahilci ne a kan ainihin abin da aka biya kuɗi dominsa. Kuma jahilci ne da ake iya kawar da shi da tambaya guda da takarda guda. Wanda ya ƙi tambaya alhali yana iyawa, kada ya kira wannan tawakkali.

4. HAYA A FIƘIHUN MALIKIYYA

Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa haya tana inganta idan an yanka mata wa'adi kuma an ambaci kuɗinta, kuma ba ta warwarewa saboda mutuwar mai zama a wurin. A cikin Suratul Ƙasasi ma, hayar aikin da Annabi Musa (AS) ya yi a Madyana an yanka mata shekara 8, da zaɓin cikawa 10 idan ya so.

Malamanmu sun raba hayar gidaje da shaguna gida biyu. Akwai wajiba, wato wadda aka ambaci farkonta da ƙarshenta, kamar a ce shekara 5 daga watan kaza. Wannan tana lizimtar kowa, babu mai warware ta shi kaɗai. Akwai kuma mushahara, wato a ce kowane wata kuɗi kaza ba tare da an faɗi iyaka ba. Shehu Halilu ya nuna a cikin Muhtasar cewa wannan ta halatta, amma ba ta lizimtar kowa sai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Mafi yawan shagunanmu a kan mushahara suke, da baki, da shaidar maƙwabta ko ma babu. Wannan ya isa ga mai tebur wanda zai iya kwashe kayansa a amalanke cikin yini ɗaya. Bai isa ba ga wanda ya sa hannu da kamfani na shekara 5, ya zuba miliyoyi a bango da rufi da wayar lantarki waɗanda ba ya iya ɗauka ya tafi da su.

Sai mas'alar wanda ya ba da hayar abin da ba nasa ba, ko ba nasa shi kaɗai ba, kamar gidan gado da ba a raba ba. A mazhabarmu irin wannan ƙullawa tana tsayawa ne a kan yardar mai abu: in ya zartar ta zartu, in ya ƙi ta ɓaci. Shaguna da yawa a tsofaffin unguwannin Damagaram da Maraɗi da Tawa suna jikin gidajen gado ne, don haka a kula.

5. ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyarta a 1993. Dokar kasuwanci ta wannan ƙungiya, wadda aka kafa a 1997 aka sabunta ta a Lome a watan Disamba 2010, ita ce take hukunta hayar wuraren sana'a. Nijeriya ba ta cikin ƙungiyar, saboda haka mai shago a Kano ko Katsina kada ya dogara da abin da za mu faɗa. Ga muhimman abubuwa:

Haya tana ƙulluwa ko da ba a rubuta ba, amma idan babu rubutu ko babu wa'adi, ana ɗaukarta marar iyaka, kuma wanda yake son ya warware ta sai ya ba da sanarwar aƙalla wata 6 (sashe na 104 da na 125).

Sayar da gini ba ya kashe haya, sabon mai gida yana gadon alkawuran tsohon. Mutuwar ɗayansu ma ba ta kashe ta (sashe na 110 da na 111).

Ɗan haya ba ya da ikon ba wani hayar wurin a ƙarƙashinsa sai idan kwantara ta yarda (sashe na 121). A nan ɗan'uwanmu ya faɗi.

Idan ɗan haya ya sayar da kantinsa gaba ɗaya tare da hayarsa, dole a sanar da mai gida ta hannun wisiye ko ta hanyar da za ta tabbatar saƙon ya isa. In ba a sanar ba, cinikin ba ya hawa kan mai gida. In an sanar, yana da wata 1 ya ƙi a gaban kotu bisa dalili mai ƙarfi, kuma bashin haya da tsohon ɗan haya bai biya ba yana cikin irin waɗannan dalilai (sashe na 118 zuwa na 120).

Wanda ya yi sana'arsa a wuri shekara 2 bisa sharuɗɗan haya ya sami haƙƙin a sabunta masa, kuma sabuntawar ba ta gaza shekara 3 (sashe na 123). Amma idan hayar mai wa'adi ce, sai ya nemi sabuntawa aƙalla wata 3 kafin ta ƙare, in ya yi sakaci haƙƙin ya faɗi (sashe na 124).

Mai gida yana iya ƙin sabuntawa idan ya biya diyyar fitarwa, kuma yana iya ƙi ba tare da diyya ba idan ɗan haya ya yi laifi babba, ko idan zai rushe ginin ya sake gina shi (sashe na 126 da na 127).

Takardar sayar da kanti dole ta ambaci haya da ranarta da wa'adinta da sunan mai gida, da cinikin da kantin ya yi a shekara 3 na baya. Idan an ɓoye ko an yi ƙarya har mai saye ya cutu, yana da shekara 1 ya nemi a rushe cinikin (sashe na 150 da na 151).

Duk wannan kariya ba ta isa ga wanda ya kafa shagonsa a gefen titi ko filin hukuma da izinin wucin gadi, domin irin wannan izini ana janye shi. Mutanen Yamai ba su manta da rushe shagunan gefen hanya da aka yi a 2016 ba, haka nan gobarar ƙaramar kasuwa ta 2012 wadda ta tarwatsa ƴan kasuwarta zuwa wasu wurare. Sa'annan a sani cewa dokokin OHADA ba su keɓe wa faranshiz doka tata ba. A Faransa dokar 31 ga Disamba 1989 ta tilasta kamfani ya ba mai neman wakilci cikakken bayani a rubuce kwana 20 kafin sa hannu. Mu a nan, abin da ka karanta ka sa wa hannu shi ne garkuwarka. Shi kansa sunan ma yana canjawa: mun ga Celtel ya koma Zain a 2008 sa'annan Airtel a 2010, mun ga an sayar da Orange Nijar a 2019 ya koma Zamani.

6. LISSAFI KAFIN BIYA

Bari mu buga misali domin a gane. A ce mutum ya biya kamfani sefa miliyan 2 kuɗin shiga, ya biya tsohon mai kanti miliyan 1 da rabi, ya kashe miliyan 3 wajen gyara. Jimla miliyan 6 da rabi ke nan, ban da kuɗin kaya. A ce ribarsa bayan ya fitar da haya da lantarki da albashin yara da kason kamfani da haraji ita ce sefa dubu 150 a wata. Kafin ya mayar da abin da ya zuba sai ya yi wata 44, wato shekara 3 da wata 8. Idan sauran wa'adin hayar wata 18 ne kuma ba a sabunta ba, abin da ya dawo masa miliyan 2 da dubu 700 ne, ya yi hasarar miliyan 3 da dubu 800, alhali kantin bai yi kwana ɗaya ba ciniki ba. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: wa'adin haya tabbatacce kada ya gaza wa'adin kwantarar kamfani, kuma kada ya gaza lokacin da jari zai dawo.

7. ABUBUWAN DA ZA A TABBATAR

Na farko, ka sadu da mai ginin ido da ido, ka ga takardar mallakarsa. In gidan gado ne, ka nemi yardar magada duka ko wakilinsu a rubuce.

Na biyu, ka karɓi kwantarar haya ka karanta, ko ka kai wa noter ko lauya ya karanta maka. Ka duba ranar farawa, da ranar ƙarewa, da irin sana'ar da aka yarda a yi a wurin, da yadda ake ƙarin kuɗi.

Na uku, ka ga rasiɗan biyan haya na baya, domin bashin wani kada ya zama sanadin korarka.

Na huɗu, ka nemi izinin mai gida a rubuce kafin ka yi gini ko gyara, domin da wannan izini ne doka take ba ka damar neman a mayar maka da kuɗin gyara idan aka ƙi sabunta maka.

Na biyar, ka nemi kamfani ya rubuta abin da zai faru in wurin ya suɓuce: ko za ka iya ƙaura da sunan zuwa wani wuri, ko za a sallame ka ba tara.

Na shida, kada ka biya kuɗi gaba ɗaya sai takardun biyu sun kammala. Ka shardanta cewa in ɗaya ba ta samu ba, a mayar maka da abin da ka bayar.

Na bakwai, a rubuta kome, a kafa shaidu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta ma'amala mai wa'adi da kafa mata shaidu ta sauka. Neman takarda ba zargi ba ne ga kowa, kuma kunyar neman ta ita take haifar da shari'a tsakanin aminai.

8. NASIHA GA MAI SAYARWA DA MAI GIDA

Ya kai mai sayar da kanti, idan ka san mai gida ya ba ka sanarwa, ko wa'adinka ya kusa, ko wurin ba a hannun mai shi ka karɓa ba, to faɗar haka wajibi ne a kanka. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyana aibi, kuma ƙarya da ɓoyewa suna shafe ta. Kuɗin da ka karɓa a kan wa'adin da ba ka mallaka ba haƙƙin mutum ne, sai ka mayar. Wannan ita ce amsar da na ba ɗan'uwanmu: haƙƙinsa yana wuyan wanda ya sayar masa, ya fara neman sulhu ta hannun dattawan kasuwa, in ya gagara ya kai ƙara tun shekara ba ta cika ba.

Ya kai mai gida, dukiyarka taka ce, babu mai hana ka. Amma idan ka bari mutum ya gyara wurinka ya jawo masa jama'a, sa'annan ka ninka masa haya ko ka kore shi domin ka ci gajiyar wahalarsa, ka tuna cewa Suratul Ma'ida da umurnin cika alkawura aka buɗe ta.

Ku kuma dillalai, ladanku yana halatta ne idan kun faɗi abin da kuka sani.

Muna roƙon Allah ya sanya albarka a cikin kasuwancinmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin mutane, ya mayar wa wanda ya yi hasara da mafi alheri. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.